Jakar Malam Sale da Masu Dubiya

Har na yi ritaya ban manta da ranar da na bi Malam Sale gidansa a Kwandiko ba. Lokacin ina babbar nas a ɗakin maza na asibitin Birnin Kudu. Malam Sale manomi ne, amalanke ta kife da shi, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Mai irin wannan rauni ba ya sanin mafitsararsa ta cika, shi ya sa muke sa masa roba, fitsari ya riƙa sauka cikin jaka. Dole jakar ta zauna ƙasa da mafitsara. In ta hau sama, fitsari ya koma ciki da ƙwayoyin cuta, daga nan sai ƙoda.

Mun sallame shi, amma ya yi ta dawowa da zazzaɓi da fitsari mai wari. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, ƙodarsa za ta lalace. Abin ya dame ni, domin ni na koya wa matarsa Hajara komai, kuma ta iya. Na ce gani ya kori ji, na nemi izinin metiron, shugabarmu, na hau motar Gwaram, yankin da Kwandiko take.

Na tarar da ɗaki tsaf, jaka a rataye a ƙafar gado yadda ya kamata. Muna cikin gaisawa sai mahaifin Hajara ya yi sallama. Kafin in ƙifta ido, Malam Sale ya fizgo jakar ya ɗora a kan cikinsa, ya ja bargo. Ashe haka take wuni, don masu dubiya ba sa yankewa.

Da tsohon ya fita na hau Malam Sale da faɗa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malama, ƙafa ta tafi, noma ya tafi. Fitsarina ma sai surukina ya gani?"

Na sa Hajara ta kawo kwando mai tsabta, muka sa jakar a ciki a ƙarƙashin gado, muka rufe da faifai, zanen gado ya rufe robar. Zazzaɓin bai rabu da shi kwata-kwata ba, amma sai a daɗe bai zo ba, ƙodarsa kuma ta tsira.

Ku masu tasowa, in kun nuna wa mara lafiya inda zai rataye jaka, ku tambaye shi su wa ke shigowa ɗakinsa. Mutumin nan zai sadaukar da ƙodarsa don mutuncinsa, kuma ba zai faɗa muku ba.