Sharar Bakin Kogi

Yau na je garin Xintang, nan ƙasar Sin, ɗaukar wandunan jins, na tarar da shaguna a rufe, ashe ranar sharar kaburbura ce. Sai na tuna marigayi tsohon nan da ke zuba mini shayi a shagon ɗansa, faratansa shuɗɗa da rini.

A irin wannan rana kowa kabarin iyayensa yake zuwa, shi kuwa bakin kogi yake nufa da tsintsiya. Wata shekara na bi shi. Na ce, "Baba, ai nan babu kabari."

Ya ce, "Ba su ba mu gawar ba. Mahaifina mai kwalekwale ne a nan wurin. Sojojin Japan suka ɗora masa bindiga a ƙeya, ya tsallakar da su. Da yaƙi ya ƙare, kotu ta ce ya ci amanar ƙasa, aka harbe shi. Attajirin da ya ciyar da sojojin shinkafa yana zaune a sahun gaba a kotun, yana fifita."

Har yau abin yana ci mini rai. Na leƙa wurin ɗazu, ganye ya rufe shi. Allah Ya tsayar da su duka gaban Alƙalin da ba Ya duba sahun gaba.