Basfata a Shingen Kofur

Shekarar da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Ikko ta tare a Abuja, ina zaune a Dei-Dei, bayan kara inda ake cinikin shanu, da iyalina da wata basfa mai ruwan toka. Sana'ata sayar da huluna da turare. Allah Ya buɗa mini kasuwa a lokacin, domin ma'aikatan da aka kwaso sun iso sun tarar manyansu duk da hula suke shiga ofis, sai kowa ya tuna ashe shi ma tun yana yaro yake sha'awar hula. Kullum da safe nakan ɗaure akwati a bayan basfa in nufi cikin gari, in baje kaya a gindin bishiya kusa da ofisoshin da ko fentinsu bai gama bushewa ba.

Hanyar ɗaya ce, kuma a tsakiyarta sojoji sun kafa shinge: ganguna a gefe da gefe, da katako mai ƙusoshi a kwance. Zamani ne da ko tayar mota ta fashe sai mutane su ruga su kunna rediyo su ji wa ya hau mulki.

Basfar ta daɗe da buɗe murya. Da gurnani ta fara, na ce tsufa ne, kowa ma yana yi. Daga baya ta koyi wani sabon abu: duk sanda na saki totur zan tsaya, sai ta yi tas, kamar an harba bindigar mafarauta. Uwargida ta yi magana, na ce mata abin hawa da ke kai mutum inda za shi ba a raina masa murya.

Wata safiya na iso shingen, na saki totur kamar yadda doka ta ce, basfa kuwa ta gaishe da hukuma. Kafin hayaƙin ya washe babu soja ko ɗaya a tsaye. Wanda yake shugabansu a wurin, wani kofur gajere mai faɗin ƙirji, yana cin gasasshiyar masara, ya cilla ta sama ya faɗa bayan ganga. Wata mai gyaɗa ta zubar da farantinta. Ni kaɗai na rage a kan titi, da rawani da akwatin huluna, ina salati.

Kofur ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Hausarsa irin ta bariki ce, ba ruwanta da namiji ko mace.

"Baba, sauka. Kai ne za ka yi juyin mulki da wannan abu?"

"Ranka ya daɗe, salansa ce ta ɗan samu matsala."

"Ɗan matsala. Masarana yana ina yanzu?"

Ya nuna mini gefen titi. Wani direban bas ne a can, ya kama kunnuwansa biyu yana tsallen kwaɗo, fasinjojinsa na kallo ta taga.

"Ka ga wancan? Hon kawai ya danna. Yau na bar ka saboda gemu. Gobe in mashin ɗin nan ya ko yi tari a gabana, za ka yi tsalle daga nan har gada, mashin kuma ya kwana wurina sai ranar da na ga dama."

Na tura basfar da hannu na juya gida. Ina tafe ina lissafin abin da ke gabana. In aka riƙe ta, babu kasuwa, babu cefane. Tsallen kuwa ya fi tsaya mini a rai. Duk motar shanun da za ta shiga gari ta wannan shingen take bi, kuma babu direba ko dillali a cikinsu da bai taɓa bin salla a bayana ba ranar da liman ba ya nan. Na hango kaina a durƙushe riƙe da kunnuwa, suna wucewa suna cewa sannu da aiki, Malam.

Bayan azahar na ba da labari a ƙofar masallacin kara, nan take Allah Ya hore mini masana. Wani mai sayar da siminti ya ce a kwaɓa rabin kwano a shafe salansar gaba ɗaya, shi ya ga an yi. Wani ya ce a cusa mata soson ƙarfe na wanke tukunya. Wani dillalin shanu ya zagaya ta, ya daddanna kujerar kamar yana duba tozo, ya ce a sayar kafin ta kwanta. A cikinsu duka babu wanda ya taɓa tuƙa abin da ya wuce keke.

Na kai ta wurin wani bakanike Bazazzagi da ke aiki a gindin mangwaro. Shi ma daga Ikko ya taso, kuma a cewarsa ministoci ne suke layi a garejinsa a can. A shekarar nan duk wanda ka tarar a Abuja babban mutum ne a Ikko, kishin ƙasa ne kawai ya kawo shi gindin bishiya.

Ya tashe ta, ta yi ruri, ya toshe kunne ɗaya.

"Malam, wannan ai ba gyara take so ba, addu'a take so, ga shi kuma kai ne mai ita."

Ya dunƙule tsumma ya danna a bakin salansar, ya take da tafin takalminsa. Hayaƙi ya rasa hanyarsa ta kullum, sai ya shiga tona asirin sauran ƙofofin. Wani ya fito ta wuya, inda salansar ta haɗu da inji. Wani ya fito ta ƙasan ciki, ta wata tsaga mai lanƙwasa kamar ra'un a allo. Ya kashe, ya jira ta huce, ya kwance ta, ya girgiza ta kusa da kunnena. Wani abu yana ƙwal-ƙwal a ciki.

"Ka ji? Farantin da ke danne ƙarar ne ya ɓalle yake yawo. Wuyan kuma ya saki, iska na shiga tana haɗuwa da man da bai ƙone ba, shi ne harbin. Da me kake auna baƙin mai in za ka zuba a tanki?"

"Da ido."

"Idon nan naka akwai kyauta. Ɗaga ka ji nauyi."

Na ɗaga. Ta yi nauyin ɗan akuya. Ya ce kunkunniya ce da daskararren mai na shekaru, kuma ba zai kusantar da wutar walda gare ta ba sai an ƙone su tas, don shi yana da sauran buri a duniya. Itace kuwa ba shi da shi. Ya ce in kai wa masu babbaka.

Haka na rungumi salansa na ratsa kara har mahauta, inda ake babbake kawuna da ƙafafun shanu. Babbansu, wani dattijo da hayaƙi ya rine wa ido, ya karɓa ya jujjuya.

"Malam, wace dabba ce wannan? An dai yanka ta ko?"

"Da kanta ta mutu."

"Kai da kake mana wa'azi, kai ne za ka kawo mana mushe?"

Suka yi ta dariya, ya tura ta tsakiyar wuta, kan wani bajimi a damanta, ƙafafu a hagunta. Jim kaɗan ta kama tsaki, sannan wuta ta fito ta baki da wuya, da wani baƙin hayaƙi da ya sa har mahauta, mutanen da hancinsu ya daɗe da yin ritaya, suka ja da baya. Wata mai tuwo da ta zo karɓar ƙafafu ta ce in miyarta ta yi warin gareji ta san gidan da za ta kai ƙara.

Da ta huce muka bubbuga ta da sanda, toka ta yi ta zuba. Na mayar wa bakanike, ya tsaga cikin, ya mayar da farantin mazauninsa ya liƙe, ya rufe tsagar, ya sa sabon zobe a wuya ya ɗaure tamau. Ya buga kik. Na tsaya ina jiran ta tashi, ashe ta tashi. Wani ɗan sauti take yi siriri, kamar keken ɗinki a ɗaki na uku.

Washegari na nufi shingen, duk addu'ar da na sani ta neman tsari na karanta. Na saki totur. Shiru. Na tsaya a gaban katako.

Kofur ya taso a hankali. Ya zagaya basfar. Ya ce in murɗa, na murɗa. Ya ce in saki, na saki. Ya tsuguna ya leƙa ƙasa, ya shafa ɗinkin waldar da yatsa, ya daɗe a wurin.

"Baba, wannan aiki ya yi kyau."

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

"Ni ma ina da irinsa."

Ya nuna bayan tantinsu. Ga basfa nan kuwa jingine, koriya, ƙanwar tawa uwa ɗaya uba ɗaya.

"Nawa yana damun oga a bariki. Kai ubana ne, Baba. Ɗa yana roƙon uba. Mu yi musanya."

Ban taɓa ganin roƙo mai ladabi irin wannan ba. Har hularsa ya cire. Bindigar ce dai bai sauke daga kafaɗa ba, ina jin mantuwa ce. Sifanar kwance noti ma a aljihunsa take, ka ce da ita ya kwana. Da kansa ya kwanta a ƙasa ya kwance salansata, ya ɗaura mini tasa, bai bar ni na ɓata hannu ba. Da ya gama ya riƙe hannuna biyu.

"Baba, ka ce ka ba ni da zuciya ɗaya. Ni ba na cin haram."

Na dubi gefen titi, inda wani sabon direba ya riga ya kama kunnuwa. Na ce na ba shi halak malak, duniya da lahira.

Da na buga kik, tsuntsayen da ke kan waya suka watse. Salansar kofur ba ta da komai a ciki, bututu ne kawai da aka yi wa fenti. Tawa ta dā, in aka gwada su, mai raɗa ce. Kofur ya ja katako da kansa, ya ɗaga mini hannu, bakinsa na motsi, ina zaton fatan alheri yake yi.

Tun daga ranar ban ƙara tsayawa a shingen nan ba. Tun ina nesa suke jiyo ni, kafin in iso an janye katako. Wata rana wani hafsa da ya zo duba su ya zabura ya tambayi wane ne wannan, na ga kofur ya ƙame yana nuna ƙirjinsa, hafsan ya gyaɗa kai. Ƙarar hukuma ce, ba ta damun kowa.

Bakanike ya jiyo ni ina wucewa, ya tare ni a hanya yana riƙe da kai.

"Malam, ina aikina?"

"Ya shiga soja."

Ya ce in kawo wannan ɗin ma ya gyara, zai yi mini sauƙi. Na yi masa godiya na ce a bar ta haka. Na riga na leƙa bayan tantin da kyau, kuma akwai wasu basfofin a jingine.