Jarrabawar Ranar Kasuwa

Shekara huɗu na yi ina koyar da aji biyar a wata firamaren gwamnati can gefen Kucheri, kuma har yau in aka ce hedimasta, fuskar mutum ɗaya nake gani, sai in ji raina ya ɓaci. A Damba yake zaune, cikin Gusau. Zuwansa makaranta leƙe ne kawai: ya sa hannu a littafi, ya yi tsaki, ya nemi motar komawa. Rana ɗaya ce ba ya fashi a mako, ranar kasuwa, domin ranar ce yake samun kaji da gero da araha ya kai wa iyalinsa.

To da yake ranar ce kaɗai ake da tabbacin ganinsa, sai ya kafa doka cewa duk wata jarrabawa ranar kasuwa za a yi ta, a gaban idonsa, wai kada mu malamai mu yi maguɗi. Ya zauna bakin ƙofar aji, kajinsa a ɗaure a ƙarƙashin kujera, yana gyangyaɗi. Wannan shi ne sa idon.

A ofishinsa akwai wani allo da yake ji da shi fiye da komai. Ya raba shi gida uku da alli: 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa, 'ya'yan manoma, sai 'ya'yan makiyaya. A ƙarƙashin kowane gida ya rubuta sakamakonsu. Kullum gidan makiyaya ne a ƙasa. In masu duba makarantu suka zo daga Tsafe, sai ya kai su gaban allon nan yana nunawa da tsinken biro, ya ce, "Ku duba da kanku. Ɗiyan ruga ba su da kan boko, haka Allah ya yi su." Su kuma su gyaɗa kai, su kwafe cikin littattafansu, su sha lemo su tafi. Cikinsu babu wanda ya taɓa tambayar wace rana ake jarrabawar. Alhali ko yaron goye a garin nan ya san ranar kasuwa 'yan matan ruga na ɗauke da ƙwaryar nono a bayan iyayensu mata, mazan kuma suna kora dabbobi zuwa kara, inda ake cinikinsu. Wanda bai zo ba kuwa sifili ake rubuta masa.

Akwai wata yarinya a ajina, 'yar makiyaya, siririya, ba ta da yawan magana. Lissafi kuwa kafin in gama rubuta tambaya a allo ta gama a kanta, tana jiran in juyo. Mahaifinta da ƙyar ya yarda ta shigo aji biyar. Ya zo da kansa farkon zango, ya tsaya daga nesa da sandarsa, ya ce mini, "Malama, na ba ta wanga zango. In anka kira ta cikin na gaba-gaba, ta ci gaba. In ko babu, ga maruƙa can suna jiran mai tsaro." Ba mugu ba ne. Mutum ne mai 'ya'ya kaɗan da aiki mai yawa, yana son a gaya masa gaskiya ko akwai amfani.

Jarrabawar ƙarshen zango ta zo, ranar kasuwa kamar kullum. Kujerarta babu kowa. Washegari ta zo da sassafe, idonta ya yi ja, ta ce Innarta ce ba ta da lafiya, babu mai kai nonon sai ita. Na zaunar da ita a bayan aji, na ba ta takardun, na tsaya a kanta har ta gama. A lissafi tambaya ɗaya ta kuskure. Ɗan shugaban ƙungiyar iyaye, wanda kullum yake zuwa na ɗaya, bai kai ko kusa da ita ba.

Na jira mako guda kafin hedimasta ya sake bayyana. Na shiga ofis na ajiye masa takardun, na yi masa bayani da ladabi. Bai ko buɗe su ba. Ya ce, "Wa yab ba ki izni? Jarrabawad da ban gani ba, ba jarrabawa ba ce. In kin gaji da wanga gari ki faɗi, akwai makarantu can cikin dajin Bungudu da ke neman malama." Ina da goyo lokacin, gidan iyayena kuma nan kusa. Na ɗauki takardun na fita. Da hannuna na rubuta mata sifili a kowane darasi, da jan biro, har na gyara zagayen ya yi kyau.

Ranar ba da hutu aka tara yara da iyaye a ƙarƙashin darbejiya. Hedimasta ya sha babbar riga, yana kiran sunaye daga na ɗaya, ana tafi. Mahaifin yarinyar na tsaye can baya, bai zauna ba. Aka kira na goma, na ashirin, yana nan tsaye. Sunanta ne na ƙarshe. Wasu yara suka yi dariya.

Da aka watse mahaifin ya nufo ni, tana biye da shi. Hedimasta na tsaye kusa da mu yana gaisawa da mutane, kunnensa a wajenmu. Mahaifin ya ce, "Malama, ke ta ke yabo kullum a gida. Ki faɗa man tsakani da Allah, ɗiyag ga tana ganewa ko ba ta ganewa?"

Takardunta na cikin jakata a rataye a kafaɗata. Na ce, "Sai haƙuri, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode da ban ɓoye masa ba, Allah ya saka mini da alheri. Ita kuwa ba ta yi kuka ba. Ta ciro fensirin da na ara mata, ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Ga abinki, Malama." Na karɓa.