Kunnuwan Rawanin Kakan Hajiya Dudu

Akwai wata Laraba da har yau ta ƙi fita raina, a shagon Oga Bulus da ke Dawaki, inda muke zanen hotuna da saka firem. Ni fa ba makarantar zane na yi ba, a waya na koya, kuma lokacin watana biyar kacal da fara aiki.

Da hantsi wata dattijuwa, Hajiya Dudu, ta kawo zanen kakanta, wani basarake na zamanin da. Ta ce a share ƙura, a canja firem, shi ke nan. Oga ya miƙo mini ya tafi sayo gilashi.

Wallahi aiki ne na gaske. Askar rigar nan zare-zare aka fitar da ita, idanun kuwa duk lungun da ka tsaya kai suke kallo. Sai dai a saman rawanin akwai wani baƙin dabbare kamar fenti ya zube. Na ɗauko auduga da tina, ruwan narka fenti, na dinga gogewa a hankali, sai ga kunnuwa biyu farare tas. Ga wanda bai sani ba, rawani mai kunne biyu na jinin gidan sarauta ne.

Bayan la'asar Hajiya ta dawo, ina washe baki na nuna mata. Ba ta yi faɗa ba. Kujera ta nema, ta zauna ta ba hoton baya. Ta ce ranar da aka naɗa ƙanin kakan nata sarauta aka bar shi, kakan da kansa ya tsoma babban yatsa a fenti ya rufe kunnuwan, ya ce kada zuri'arsa ta ƙara ganinsu, balle wani ya taso neman kujerar.

"Ɗana, sawun yatsansa ne ka goge. Shi kaɗai ya rage mana na jikinsa."

Oga ya ce in mayar. Sau uku ina shafa baƙi, sau uku yana bushewa kunnuwan na leƙowa. Oga ya ce tsohon fentin mai ne yake ƙin sabo, amma shi kansa tsoro ya sa ya daina cin abinci a ɗakin da hoton yake.

Ranar Asabar Hajiya ta naɗe hoton a zani, ta ce ƙarƙashin gado zai koma, tunda tana da jikoki maza, kada su ga kunnuwan.

Oga bai kore ni ba. Amma tun daga nan, in tsohon hoto ya shigo da tabo, sai na tambayi masu shi wa ya yi tabon kafin in taɓa.