Ranar da Kyaftin Artemi Ya Saki Tsani

Duk wanda ya san tashar jiragen ruwa ta Bilihada a nan tsibirin Santorini na ƙasar Girka ya san Kyaftin Artemi. Gajere ne kakkaura, ya ɗan haura sittin, ga gashin baki fari fat, ga wata hula da rana ta cinye launinta tun tuni. Shi ke tuƙa ɗaya daga cikin jiragen yawon nan masu ƙafa biyu, katamaran, waɗanda ke kwasar baƙi in rana ta karya su zaga da su gefen tsibiri, a tsaya a yi iyo, a ci gasasshen kifi, a kalli faɗuwar rana a dawo. Shekara da shekaru yana wannan aiki. Ya kai mutane wurin iyo ba adadi, ya sauke musu tsani, ya miƙa musu tawul. Shi kuwa gogan, jefa shi cikin ruwa ka gani, ƙasa zai yi kamar guduma.

Kada ku yi saurin dariya. Artemi ɗan Tirasiya ne, ƙaramin tsibirin nan da ke fuskantarmu, kuma a zamanin da ya taso masunta ba sa koya wa 'ya'yansu iyo. Ba sakaci ba ne, da gangan suke yi. Wata rana ubansa Zanni ya kama shi yana facal-facal a bakin gaɓa, ya fizgo shi da kunne har gindin jirgi.

"Saurara nan," in ji Zanni. "Wanda ya iya iyo, teku na ɗagawa sai ya fara tunanin barin jirgi. Ni abu ɗaya nake so hannunka ya sani, riƙo. In kuma jirgi ya kife a tsakiyar teku, me iyo zai yi maka? Ƙarin wahala kawai kafin ka tafi."

Haka aka gaya wa Zanni, haka ya gaya wa ɗansa. Iyo na mata ne da baƙi da 'yan makarantar birnin Atina masu zuwa hutu. Artemi ya riƙe maganar da hannu biyu. Ya girma yana jan taru, ya gaji sana'ar bayan rasuwar uban, ya auro Marusa 'yar Akrotiri ya tare a garinsu. Da kifi ya ja baya, baƙi suka yi yawa, sai Lukas Fusteri, ɗan wani tsohon abokinsa, ya sayi katamaran ya zo har gida ya roƙe shi ya tuƙa masa. Lukas bai tambaye shi batun iyo ba. Wa zai tambayi mutumin da aka haifa cikin warin kifi ko ya iya ruwa?

Aikin ya karɓe shi fiye da yadda ya zata. Su fara tsayawa a Jar Gaɓa, su wuce Farar Gaɓa, su kewaye hasumiyar fitilar jirage su shiga cikin kwarin tekun da tsibiranmu suka zagaye, har gindin ƙonannen tsibirin da dutsen wuta ya amayar. Can ne ruwan ɗumi yake, launin tsatsa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kullum sai ya ja kunnen mata kada su shiga da fararen kaya, kullum kuma sai an sami mai kunnen ƙashi ta fito kamar an tsoma ta cikin miya. Jirgi ba ya iya matsawa can ciki, sai a tsaya nesa kaɗan, baƙi su ratsa ruwan sanyi da iyo kafin su kai na ɗumin. Daga cikin ruwa sai ka ji suna ɗaga murya.

"Kyaftin, shigo mana, ruwan da daɗi!"

"In na shigo, wa zai riƙe muku gida?" Haka yake ba su amsa, su yi ta dariya.

Mutum ɗaya a jirgin ta san gaskiya, Flora mai girki. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, ita ke gasa kifi, ita ke soya wainar tumatir, ita ke ɗaure igiya, bakinta kuwa ba linzami. In ta ji amsar nan tasa sai ta leƙo daga kicin ta ce, "Riƙe da kyau, Kawu, kada gidan ya gudu." Amma ba ta taɓa tona shi ba.

Abin ya faru ne ƙarshen watan Agusta. Wani baƙo mai jiki ya cika cikinsa da taliya da ruwan inabi, ya je ruwan ɗumi lafiya lau, a hanyar dawowa, daidai inda ɗumi ke karo da sanyi, ƙafarsa ta ɗaure. Artemi ne ya fara gani. Ya wurga masa zoben ceto, iskar arewa ta kwashe shi gefe. Ya sauka tsani da gudu har inda ruwa ya kai idon sawunsa, da takalmi da dogon wando. Nan ya tsaya. Hannu ɗaya ya miƙe wajen mutumin, ɗayan ya ƙanƙame ƙarfen tsani, ya yi ya yi ya ƙi buɗuwa. Sai ihu yake, "Flora! Flora!" Ta fito da cokali a hannu, ta yi tsalle da rigar girkinta ta jawo mutumin. Ba abin da ya sami baƙon, kafin rana ta faɗi har ya nemi ƙarin kifi. Amma matarsa ta ga kyaftin a kan tsani, kuma da aka sauka ta tambayi mai jirgi ko kyaftin ɗinsa bai iya iyo ba ne.

Washegari Lukas ya same shi yana wanke dandamalin jirgi. Ya daɗe yana kame-kame, yana sosa ƙeya.

"Kawu Artemi, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Haba Kawu! Duk shekarun nan?"

"Ka taɓa tambayata?"

Lukas ya zauna a kan akwatin ƙanƙara. "Ka san ina ganin girmanka kamar ubana. Amma da Flora na bayi fa? Ƙarasa kakar bana, zan ƙara maka mutum. Kafin a buɗe ta baɗi, wajen bikin Ista, ina so in ga da idona ka tashi daga jirgi ka taɓo jan tulun nan mai shawagi a kan ruwa da ake ɗaure jirage, ka dawo. In bai yiwu ba, akwai motar ɗauko baƙi daga otal. Ba zan kore ka ba."

Mota! Mutumin da ke gane iska tun ba ta iso ba, a ce ya koma danna oda a lungunan garin Fira yana jiran jakuna su wuce. Artemi ya ci gaba da wanki. Maganar gaskiya, ba Lukas ya fi ƙona masa rai ba. Hannun nan nasa ne, da ya ƙi buɗuwa mutum na nutsewa gabansa. Kunyar abin ta hana shi cin abinci.

Marusa ce ta ɗauki aikin. Ita kam kifi ce. Kowace safiya tana cikin tsofaffin matan nan da ke shiga teku da hulunan kaba, su yi da'ira ruwa iya wuya, su yi ta gulmar duk wadda ba ta zo ba. Ya ce atafau ba zai koya gabansu ba, sai suka riƙa zuwa wani loko bayan duwatsu da tsakar rana. Ranar farko ya shiga iya gwiwa ya ce ya isa haka. Da aka kai ƙirji sai ya damƙe mata dantse, har ya bar mata shaida.

"Sake ni, Artemi! Matarka ce ni, ba igiyar ɗaure jirgi ba."

"To me zan riƙe?"

"Ba komai. Kwanta kawai, ka kalli sama."

"A kan me zan kwanta, ke mace? Ruwa ne fa!"

"Jirginka a kan me yake kwana?"

Ya kwanta, ya sha ruwan gishiri ya tashi yana tari yana zagin kakannin duk wanda ya ƙirƙiro yawon buɗe ido. Matsalarsa ba ƙarfi ba ce, yana da shi kamar sa. Hannu ne da aka horar tun yana yaro, da ƙafa ta bar ƙasa sai ya hau neman abin kamawa, ko gashin Marusa ne, ko ruwan kansa.

Asiri a Akrotiri kuwa ba ya kwana biyu. Kafin mako ya zagayo sai ga hulunan kaba sun kewayo dutse, wai hanya ce ta biyo da su. Kowace da tata shawara. Wannan ta ce ya yi kamar kwaɗo, waccan ta ce ya fara shan ɗan ruwan inabi don jiki ya saki. Wata tsohuwa mai suna Anezini, wadda ta binne miji masunci, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ku bar shi ya sha iska. Shi kaɗai ne cikin masuntanmu ya yarda ya gwada." Daga ranar suka rage tsiya, su tsaya nesa suna hirarsu, shi yana ta fama.

Sanyi ya shigo aka dakata. Da ya fara sauƙi suka koma, ruwa har lokacin kamar ƙanƙara, leɓɓansa har shuɗi suke yi. A hankali ya samu wani irin iyo nasa na kansa, kai a sama, gashin baki a bushe, yana huci kamar tsohon inji. Yana tafiya kam. Sai dai duk abin nan a inda babban yatsansa zai iya taɓo yashi ne in ya so, kuma yakan so.

Ranar gwaji ta zo ana saura 'yan kwanaki Ista. Iska na kaɗawa ta kudu, don haka Lukas ya ce a tafi gindin Tirasiya, bakin ƙauyen Korfos, inda tsauni ke tare ta. Su huɗu ne a jirgin, Lukas da Flora da Marusa da shi. Rana ta yi sanyi ta soma ja. Wanda ya san kwarin nan ya san ba shi da gaɓa mai gangara, tsauni ne ya sauka tsaye ya ci gaba da sauka. Ruwan shuɗi ne mai duhu, ba ka ganin komai ƙasa. Jan tulun na can yana rawa, gidajen masunta na bayansa.

Artemi ya tuɓe ya yi alamar gicciye, ya sauka tsani. Ruwa ya kai masa wuya. Ya tsaya nan, hannu a ƙarfe. Lukas ya kalli agogo ya kau da kai. Marusa ta haɗa hannu a ƙirji tana motsa baki. Ruwa na ta dukan cikin jirgi.

"Kawu," in ji Flora, "tsanin nan fa na mai jirgi ne. In gida za ka tafi da shi, faɗa mini in kwance maka."

"Bakinki ya bushe," in ji shi. Ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya saki.

Ya nutse har hanci, ya taso, ya hau iyon kwaɗonsa. Ba kyan gani, na rantse. Amma ya tafi, yana huci, yana tafiya, har ya kai wa tulun mari ya juyo. Da ya kamo tsani Flora ta rangaɗa guɗa, Lukas ya jawo shi ya rungume shi da jiƙarsa.

"Sitiyari naka ne, Kawu, har sai ka gaji!"

Artemi ya zauna a bayan jirgi, tawul a kafaɗa, jiki na ɓari, idonsa a kan bakin Korfos. Marusa ta zo za ta goge masa kai sai ta ga ba ruwan teku ba ne ke bin kuncinsa.

"Mene ne kuma? Ai ka ci."

"Marusa," in ji shi a hankali, "ashe kusa ne."

Mu tsofaffin wurin nan mun san abin da yake nufi. Can bakin Korfos ne jirgin Zanni ya kife, da rana tsaka, wata iska ta gangaro daga tsauni ta juya shi yana dab da shigowa. Maza na jere a kan gadar sauka suna gyaran taru, Artemi na cikinsu, saurayi mai ƙarfi. Ba wanda ya yi tsalle, don ba wanda ya iya. Suka ruga tura kwalekwale, kafin su tuƙa su isa ruwa ya rufe. Tun daga ranar kowa ke cewa ba abin da za a iya yi, shi ma haka yake cewa, kuma da wannan maganar yake samun barci.

Ya nuna da hannu. "Daga gada zuwa inda ya kife, bai kai rabin wanda na yi yanzu ba. Da na iya wannan a ranar, da na kamo shi."

Marusa ta ci gaba da goge masa kai, a hankali. "Da shi ya iya," in ji ta, "da ya fito da kansa."

Rana ta faɗi bayan Tirasiya, ba wanda ya kalle ta a jirgin. Can sai Artemi ya share fuska da tawul, ya miƙe ba takalmi, ya je ya ta da inji.