Notburga da Busasshen Kek

Notburga ta daɗe tana wanke tukwane a wani otal a Ingila kafin ta dawo ƙauyenmu na kwarin Passeier. Ba ta dawo da miji ba, ba ta dawo da dukiya ba, sai Turanci da ciwon gwiwa. Duk Laraba takan tara mu a bayan gidan burodi, mu masu saukar da baƙi, ta gyara mana baki.

Nahawu bai dame ta ba. "Turancinku ba laifi," in ji ta, "amma kuna sauke wa mutum shi kamar gatari." Ba ta yi ƙarya ba. Mu masu jin Jamusanci, in ka tambaye mu ra'ayi za ka samu, da daɗi ko babu.

Wanda ya fi ba ta wahala shi ne Engelbert mai yin cuku. 'Yarsa Verena tana aure a Ingila. Da ya je can, uwar mijin, Maureen, ta toya masa kek ta tambaye shi yaya ya ji. Ya ce ya bushe, sukari kuma ya yi yawa. Matar ta shige kicin tana hawaye. Yanzu ga ta za ta zo da bazara, Verena kuma ta rantse in ya sake, ba za ta ƙara kawo masa jikoki ba.

"To ƙarya zan yi?" in ji shi. "Da furfurata?"

"Wa ya ce ka yi ƙarya, sarkin taurin kai?" in ji Notburga. "Gaskiya ai ba guda ɗaya ba ce a kan tebur. Duba da kyau, ka ɗauki wadda ba ta da ƙaya."

Daga nan kullum sai ta zo da kek da ta ƙona da gangan, ta dire a gabansa. Ya tauna, ya haɗa gumi, ya ce farantin yana da kyau. Muka yi ta dariya har mai burodi ya leƙo.

"Allah ya shirye ka, Engelbert. Matar za ka duba, ba faranti ba."

Ni dai na fid da rai, kuma na tausaya masa, don jikokin nan su ne hasken gidansa tun da matarsa ta rasu.

Ranar da baƙin suka iso ina wajen, na kai madara. Maureen ta fito da gwangwanin kek daga jakarta. Ta yanka masa. Verena ta sunkuyar da kai. Engelbert ya tauna, ya daɗe yana taunawa, sannan ya dubi matar ya ce da Turanci, a hankali:

"Tun daga ƙetaren teku kika riƙo wannan saboda ni? Tun da matata Resi ta rasu babu wanda ya toya mini kek."

Idon Maureen ya cika da ƙwalla. Can ta ce, "Ya bushe, ko?"

"Ya bushe," in ji shi. "Ƙara mini."

Da na kai wa Notburga labari tana shafa gwiwarta, cewa ta yi, "Alhamdu lillahi. Na gaji da ƙona gari."