Mayafin da Mama ta saƙa wa na'urar wasanmu

Ranar Asabar ɗin farko ta dogon hutun 2004 Baba ya shigo gidanmu na saman bene a titin High Point Road da na'urar wasan bidiyo a leda, tsohuwar yayi, wadda ya samo a gwanjo. Ni da yayata Rakiya muka yi ta tsalle har mutumin da ke ƙasanmu ya bugo silin da sandar tsintsiya. Sai da muka jona ta da talabijin muka gane dalilin araharta: babu ɗan katin da ke adana inda ka tsaya. Ka kashe ta, ka koma farko.

Wasan na wata yarinya ce mai hawan tsauni, hawa goma sha biyu. Rakiya ta yanke hukunci cewa ba mai kashewa sai mun kai ƙololuwa. Muka riƙa karɓa-karɓa, tana wanke-wanke ina bugawa, ina ninke kaya tana bugawa. In lokacin islamiyya ya yi, mu tsayar da wasan, mu kashe talabijin kaɗai, mu liƙe 'yar jar fitilar na'urar da takarda don kada Baba ya yi faɗan wuta. A kwana na tara muna hawa na sha ɗaya.

Abin da muka manta shi ne Mama. 'Yar Maradi ce, kuma firji da rediyo da talabijin kowanne da saƙaƙƙen mayafinsa. "Ni gidana ba a barin kaya tsirara," haka take cewa. Ranar muka dawo muka tarar da na'urar cikin sabon mayafin ulu mai kauri, ta yi zafi kamar murfin tukunya, ta kashe kanta. Rakiya ta fashe da kuka. Ni kuwa na ƙi tuwo, na ƙi kallon Mama, don wallahi na ji haushinta. Bayan kwana biyu sai ga Mama da wani mayafin, da rami kamar tafin hannu daidai inda iska ke fita. "To ga shi, ta sha iskarta, amma rufa sai ta rufa." Muka sake daga farko, da yake hanya ta zauna mana a ka, cikin kwana huɗu muka gama.

Yau ƙirƙirar wasanni ce sana'ata. Abokan aikina suna da manyan kwamfutoci, kullum so suke a ƙara haske da ado, ni ce mai taurin kan da ke cewa sai wasa ya tashi a tsohuwar wayar Mama, kuma ya adana kowane taki da kansa, don na san yaran da za su buga shi. Ina kewar ɗan falon nan mai ƙamshin turaren wuta. Mayafin mai rami yana kan teburina, shi ne ya fara koya mini a yi wa abu ɗinki daidai ƙarfinsa.